Daga A-kori-kura Zuwa Mai Ƙofa Biyu: Abin Da Tarihin Mota A Ƙasar Magarya Ya Koya Mini

A watan jiya, bayan sallar isha'i, ɗana na uku ya zo ya durƙusa a gefen tabarmata ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Baba, dubi wannan." Na sa tabarau na duba. Mota ce baƙa wuluk mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa kamar ƙadangare a kan dutse, irin waɗanda ake ƙerawa don gudu da burgewa. Ya ce wani dillali ne a Maraɗi ya turo masa hoton ta WhatsApp, kuma kuɗin da ake nema bai wuce abin da ya tara ba cikin shekara huɗu da ya yi yana gyaran waya a Damagaram. Wannan kuɗi kuwa, ni da mahaifiyarsa mun san abin da aka ajiye shi dominsa, wato lefe da ɗakin da za a zauna in kaka ta yi.

Ban yi masa tsawa ba. Yaron da ya kai shekara 27, ya tara kuɗi da guminsa, ba a hana shi abu da tsawa. Ga shi kuma ni kaina na taɓa faɗawa irin wannan rami, bakina bai da tsarkin da zai yi faɗa. Sai na yi abin da na iya, tun da aikin da na yi shekara talatin da wani abu ina yi ke nan a makarantun ƙasar Magarya da Dungas: na ba shi tarihi. Abin da na faɗa masa a daren nan shi ne nake so in kawo wa 'yan'uwana iyaye da malamai, domin na san ba gidana kaɗai irin wannan hoto yake shiga ba.

Motar farko da motar gyaɗa

A ƙarshen shekarar 1924, lokacin Damagaram ce babban birnin Nijar a hannun Faransawa, wani ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën ya ratso Sahara daga Aljeriya, ya bi ta Yamai, ya sauka Damagaram, sannan ya wuce wajen Tafkin Chadi. Abin lura a nan shi ne, motocin nan ba su da tayoyin baya irin waɗanda muka sani. Sarƙar roba aka ɗaura musu kamar ta tankar yaƙi, domin masu su sun san rairayi ba ya ragawa taya. Ke nan tun ran gini tun ran zane: motar da za ta shigo ƙasar nan, sai ta bi dokar ƙasar.

Waccan tafiya ta nuna bajinta ce, sun zo sun wuce. Abin da ya kawo mota ta zauna da mu gyaɗa ce. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, kuma da yake Kano ta fi kusa da mu a kan Yamai nesa ba kusa ba, gyaɗar Magarya da Bande da Wacha da Dungas kudu ta riƙa yi. Da farko a bayan raƙumi da jaki da takarkari, daga baya a bayan manyan motoci. Bayan samun 'yancin kai, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗa, aka kuma gina masana'antar matse man gyaɗa ta SEPANI a nan Magarya. Ina yaro na ga tsibin buhuna ya fi soro tsawo, na ga motocin Berliet suna jiran lodi, karen mota yana ɗauke da shebur da faifan ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse.

Farin 1973 da 1974, sannan kuturtar gyaɗa ta 1975, su suka karya wannan kasuwa, manoma suka koma wa wake. Amma gyaɗa ta tafi ta bar mana gado uku: hanyoyi, direbobi, da bakanikan da suka koyi aiki a gindin bishiya. Duk motar da ta zo bayan wannan, a hannun waɗannan mutane ta rayu ko ta mutu.

Zamanin Fijo

Duk wanda ya girma a nan tsakanin shekarun 1970 da 1990, in aka ce masa mota, Peugeot yake gani, wadda muke kira Fijo. Ƙirar 404 ta fito a 1960, kuma a-kori-kurarta mai rumfar tamfol ita ce ta ci kasuwannin ƙauye, ta ɗauki mutum da akuya da buhun hatsi a lodi ɗaya. Ƙirar 504 ta biyo baya a 1968. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, har ta kai ana ɗauko kayan haɗin da jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa a sauke a Kano, a kai Kaduna a mota. Ba a daina haɗa 504 a Kaduna ba sai a 2006, wato shekaru masu yawa bayan Turawa sun daina ƙera ta a ƙasarsu.

Me ya sa wannan mota ta daɗe a hannunmu haka? Na tambayi wani tsohon bakanike da ya yi shekara arba'in yana kwance ƙarƙashinta, ya ce abu uku ne. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ba ta shafar tudu. Injinta mai kafireto ne, in ya shaƙe sai a kwance a hura a mayar. Na uku kuma, wanda ya ce ya fi sauran, tana da dangi. Ma'anarsa, duk abin da ya lalace a jikinta akwai irinsa a Damagaram, akwai a Daura, akwai a Ƙofar Ruwa a Kano, sabo ko tsohon da aka cire daga wata. In ta mutu maka a hanyar Tinkim da safe, kafin la'asar yaron shago ya dawo da abin da ake nema.

Wannan kalma ta dangi ita ce na riƙe, kuma a kanta duk sauran bayanina ya rataya. Mota kamar baƙo ce a gari. Baƙon da yake da 'yan'uwa, in ya kwanta ciwo akwai mai jinya. Wanda ba shi da kowa, komai kyan rigarsa, ranar da ya faɗi sai dai a taru a yi kallo.

'Yar gidan Fijo da ba ta zauna da mu ba

Mutane da yawa ba su san cewa 504 tana da ƙanwa mai ƙofa biyu ba. A 1969 aka fito da ita, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma daga 1974 aka riƙa sa wa wasu babban inji mai silinda 6. Ba raguwar mota ba ce ko kusa. A 1978 ita ce ta ci tseren Safari na Kenya, wanda yana cikin tseren da suka fi wahala a duniya, direban Faransa Jean-Pierre Nicolas na tuƙa ta. To amma mai karatu ya tambayi kansa: sau nawa ya gan ta a tashar Magarya? An ƙera 504 sama da miliyan 3, amma mai ƙofa biyun ba ta kai 30,000 ba. Ƙofarta daban, gilashinta daban, fitilarta daban. Suna ɗaya da yayarta, amma in gilashi ya fashe sai an aika Turai. Wannan ya sa ko a zamanin da Fijo ke mulkin hanyoyinmu, ita wannan ba ta samu wurin zama ba.

Samari za su ce, ai motocin gudu sun ratsa hamadarmu. Gaskiya ne. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, ya sha bi ta Agadas, a wasu shekarun har da Damagaram, muna jin labarinsa a Muryar Sahel. A 1984 Porsche 911 ce ta zo ta ɗaya, a 1986 kuma Porsche 959, duka biyun René Metge ne direba, kuma duka masu ƙofa biyu ne. Sai dai waɗannan motoci an ɗaga cikinsu sama sosai, an sa duk tayoyi huɗu suna ja, an lulluɓe ƙasansu da faranti, ga manyan motoci cike da kayan gyara da bakanikai suna biye da su dare da rana. Wato da danginsu suka taho. Wanda ya ga hoton Porsche tana tashin ƙura a Tenere ya ce shi ma zai sayi irinta ya je Dogo-Dogo, ya ga doki ne bai ga bargar da ake kiwonsa ba. Kada kuma mu manta cewa wannan tsere ya ci rayukan mutanen ƙauye da ba su san hawa ba su san sauka ba, har da yara.

Yadda Kwatano ta zama sunan mota

A shekarun 1970 da 1980 akwai wata hanya da tsofaffin motoci ke shigowa Nijar wadda yaran yanzu ba su sani ba. Samarin Turawa ne ke sayen tsohuwar 404 ko 504 a ƙasarsu, su tuƙo ta ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko su gangaro kudu, su hau jirgi su koma da kuɗin. Motar da ta ratso Sahara da ƙafarta ta riga ta ci jarrabawa. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 su suka toshe wannan hanya.

A daidai lokacin ne kuma sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. A Najeriya tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. A wajenmu kuma, a watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100 a dare ɗaya. Sai kowa ya koma wa tsohuwar motar Turai. Ana tara su a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, a loda su a jirgin ruwa a tashar Antwerp, a sauke a Kwatano. Daga nan ne sunayen nan biyu suka samo asali, 'yar Beljiyam da 'yar Kwatano, har ta kai ko firji ko talabijin in tsohon Turai ne sai a ce ɗan Kwatano.

Daga Kwatano direbobi ke jero su ayari ayari, su bi Parakou, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya, su bi Doso da Birnin Ƙonni da Maraɗi. Da yawansu a takarda Nijar za su, amma a gaskiya kasuwar Najeriya ake nufi, inda haraji da dokar shekarun mota suka tsaurara. Wasu su shiga ta Illela, wasu ta Jibiya, wasu ta Kwangwalam, wasu su zo ta wajenmu. Mu da ke bakin iyaka mun ga irin motocin da ko a mafarki ba mu taɓa gani ba suna wucewa da ƙura a jikinsu da lamba rubuce da alli a gilashi. A wannan zamani ne Toyota da Honda da Golf suka ture Fijo, kuma a cikin ayarin ne masu ƙofa biyu suka fara shigowa, sau da yawa da arha fiye da masu ƙofa huɗu, domin 'yan haya ba sa so, masu iyali ba sa so. Wannan arha ita ce ƙugiyar.

Yadda tawa ta same ni

A 2004 ina koyarwa a wani ƙauye a ƙasar Dungas, tun Dungas tana ƙarƙashin Magarya, domin sai a 2011 aka ba ta nata yankin. Na kwashi adashe, na sayar da bijimai biyu da na gada, na tafi neman mota. Niyyata mai ƙofa huɗu ce. Da na isa filin, sai na hango wata ja mai ƙofa biyu, an wanke ta tana sheƙi, rana ta kusa faɗuwa. Dillali ya tayar da ita, ƙararta ta shiga ƙirjina. Ban tafi da bakanike ba, ban leƙa ƙarƙashinta ba, ban tambayi kowa ba. A raina na riga na ga kaina ina shiga farfajiyar lakwal, ana cewa ga mushe.

A kan kwalta ba ta da laifi. Da na sauka burji na shiga rairayi, sai ta kwanta da cikinta, tayoyi suna juyawa a banza. Amalanken shanu ne ya ja ni zuwa gari, ɗalibaina suna biye suna tafi. Wata biyu bayan nan tsakuwa ta fasa gilashin gaba. Na aika Damagaram babu, na aika Kano babu, wata huɗu ina yawo da gilashi mai tsaga kamar saƙar gizo.

Duk wannan abin dariya ne in aka kwatanta da daren da jikin mahaifiyata ya tsananta. Ga mota a ƙofar gida, ga mai a ciki. Amma tsohuwar da ba ta iya miƙewa, ta yaya za a naɗe ta a tura ta bayan kujera ta ƙofar da ba ta akwai? In an sa ta gaba, wa zai riƙe ta? Sai da ƙanena ya hau babur ya je ya taso wani mai tsohuwar 504 daga barci, shi ya kai mu asibitin Magarya. Allah ya ba ta sauran kwana, ta ƙara shekara shida. Amma ni a daren nan, ina zaune a bayan motar wani da kan uwata a cinyata, na san abin da na saya da bijiman ubana. Daga baya wani ƙaramin abu na lantarki ya mutu a injin, ba a samu irinsa ba, ta zauna gindin bedi har kaji suka fara ƙwai a ciki. Abin da na sayar da ita bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na biya ba. Laifin ba na kamfanin da ya ƙera ta ba ne, don titin ƙasarsu suka yi wa ita. Laifina ne da na saya da ido.

Hanya ta sake sauyawa

Kasuwar da ɗana zai shiga yau ba irin tawa ba ce. Daga 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sannan ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar Gaya ta rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗi ya ƙaru a kan mota da kayan gyaranta duka. Motocin ma kansu sun sauya, yanzu da yawa daga Amurka da Kanada suke fitowa, cike da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo, kuma da yawansu ba za su ci gwajin hawa titi a ƙasashen da suka fito ba.

Ga kuma batun mai. Matatar SORAZ ta fara aiki a arewacin Damagaram a 2011, amma a ƙauyukanmu har yau man kwalba na 'yan ruwa-ruwa ne a kusa. Tsohon inji mai kafireto yana haƙuri da ɗan datti. Injin motar gudu na zamani ba ya haƙuri, ƙura kaɗan ko ruwa kaɗan ya isa ya kashe famfon mai da injekta.

Abin da za a duba kafin a biya

Ban ce kada kowa ya sayi mai ƙofa biyu ba. Wanda ke zaune a birni, harkarsa a kan kwalta, akwai wata motar a gida don iyali, yana iya sha'awarsa. Amma ya bi waɗannan matakai.

Na farko, ya je wurin masu kayan gyara kafin ya je wurin mota. Ya tambayi kuɗin gilashin gaba, fitila, shakazoba, famfon mai da lagireto na wannan ƙira. In mai shago ya miƙa hannu ya ɗauko, to motar tana da dangi. In ya ce sai an aika Lome ko Dubai, a yi hattara. Akwai masu ƙofa biyu da aka gina a kan sanannun motoci: Toyota Solara a kan Camry take, Honda Accord mai ƙofa biyu injinta ɗaya da mai ƙofa huɗu, haka Peugeot 406 mai ƙofa biyu ta haɗa inji da giya da yayarta, ko da yake jikinta da gilashinta nata ne ita kaɗai. Irin waɗannan sun fi wadda ba ta da kowa sauƙin riƙo.

Na biyu, ya durƙusa ya dubi tsakanin cikinta da ƙasa, ya tuna hanyar garinsu da damina, ya tuna kwarin Korama. Ya dubi tayoyi. Siririyar taya a kan faffaɗan rim tana da kyau a hoto, amma rami ɗaya ya isa ya fasa ta ya lanƙwasa rim ɗin.

Na uku, ya tafi da bakaniken da shi ya biya, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma da rana tsaka, ba da magariba ba. A tarar da injin a sanyaye. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce inji yana shan baƙin mai, farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi yankewa alama ce ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu kamar kindirmo, a haƙura. A tuƙa ta har ta yi zafi a ji yadda giya ke shiga. A tuna cewa motar gudu, mai gudu ne ya saye ta tun farko, ta sha wahalar da motar dattijo ba ta sha ba. Lambar kilomita ana iya mayar da ita baya, amma robar birki da sitiyari da kujerar direba ba sa ƙarya.

Na huɗu, a nemi alamar ruwa da ta haɗari. Tun bayan ambaliyar Katrina ta 2005 da ta Sandy ta 2012 a Amurka, an san yadda motocin da ruwa ya shanye ke bin gwanjo su ƙare a jirgin ruwa. A ɗaga kafet, a cire tayar safaya a dubi raminta, a leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai, a jawo bel har ƙarshe. Busasshen taɓo, tsatsa, ko wari irin na ɗakin da ya jiƙe, sun isa shaida. A bi jikinta da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe an cike wurin ne aka yi fenti.

Na biyar, takardu. Tun 1981 lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. A gwada wadda ke gindin gilashi da ta jikin ƙofa da ta takarda, su zama ɗaya. A motocin Amurka, harafi na 10 yana nuna shekarar ƙira, don haka dillali ba zai rage mata shekaru ba. A ga takardar duwan da ido. Mu mutanen bakin iyaka mu fi kowa kula da wannan, domin motar da ta biya haraji a ƙasa ɗaya ba ta biya a ɗayar ba. A kuma guji wadda aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu a garejin bayan gari.

Na shida, kada kuɗin saye ya cinye aljihu duka. Taya, batir, asiransi, sauya mai da gyaran farko suna nan suna jira. Wanda bai iya ajiye kashi ɗaya cikin uku a gefe ba, motar ta fi ƙarfinsa ko da ya iya biyan kuɗinta.

Gare mu iyaye da malamai

Akwai abin da ya fi kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Hanyar Magarya zuwa Damagaram ba filin tsere ba ce. Akwai amalanke marar fitila, akwai shanu, akwai ɗalibanmu da ke tafiya a gefen kwalta da safe. Saurayi da mota mai ƙarfin doki ɗari biyu, sai an haɗa masa da nasiha.

Malamai kuma, ga darasin lissafi a ƙofar aji. A ba 'yan kolej kuɗin mota, kuɗin duwan, litar mai a kilomita 100, kuɗin taya, a ce su fitar da abin da za ta ci a shekara, su gwada da albashin malami ko ribar buhun wake. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa yana ɗan shekara 15, da wuya dillali ya ruɗe shi yana ɗan 27.

Ni da ɗana mun je Maraɗi, muka ɗauki bakanike tun daga Damagaram. Motar ta fi hotonta kyau, ni kaina sai da zuciyata ta motsa. Bakaniken bai ce komai ba, ya jawo bel ɗin direba har ƙarshe, sai ga layin taɓo a jikinsa. Ya ɗaga kafet, ƙarfen kujera ya yi ja da tsatsa. Muka yi wa dillali sallama. Yaron bai yi magana ba har muka iso Takeita, sannan ya ce, "Baba, ni fa har yanzu ina son mai ƙofa biyu." Na ce, "So ba laifi ba ne, ɗana. A yi biki tukuna. In ka sake tarawa, mu nemo mai dangi, ni zan raka ka." Ya yi dariya ya ce to.

An sa ranar bikin bayan an gama girbin gero. Allah ya kai mu, ya kuma tsare mana 'ya'yanmu a kan hanya.